Ranar da Muka Dawo Gida da Baya

Wanda bai taɓa yin damina a Duwala ba, kada ya ce ya san ruwa. Yayyafi dai ya gani. A New Bell, inda aka haife ni, ruwa kan fara ranar Litinin, in ya ga dama ya ɗan saurara ranar Juma'a a yi salla, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Na taɓa shanya riga a watan bakwai, kafin ta bushe ta yi mini kaɗan. Mutane suna cewa ina cika gishiri a magana, kuma ban taɓa musawa ba. Amma labarin nan gishirinsa kaɗan ne, don akwai shaidu da ransu, ɗayansu kuwa ƙanena ne, mutumin da ba ya bari a ƙara wa zance ko ƙwayar gero.

Wadda ta tono mini shi 'yata ce, Nafisa. Tana jami'a tana karatun koyarwa, kuma binciken da take yi na kammalawa a kan wasa ne, wato yadda za a koyar da yara ta hanyar wasa. Da ta fara gaya mini na ce, ashe duk dukan da na sha a kan wasa digiri nake yi ban sani ba. Ta haɗa wani wasan lissafi na kati da 'yan duwatsu, tana gwada shi da yaran wata makaranta a Bonamoussadi. Ran nan ta dawo fuska a murtuke.

"Abba, a cikin wasan babu mai kada su. Amma in na juya musu tambayar a kan allo, sai su zuba mini ido kamar yau muka fara haɗuwa."

Na ce ta ajiye jaka ta zauna. Na ce wannan ciwon na san shi, har ruwan kwata na sha a kansa.

Gidanmu na katako ne, irin wanda ake kira karabot, da rufin kwano da 'yar tsakar gida mai rumfa. A ƙarƙashin rumfar nan kakarmu, mahaifiyar Baba, take da fadarta. Kowa Iya yake ce mata, har shi Baban. Daga ƙasar Katsina aka kawo ta tana amarya, tafiyar da takan ce ta cinye mata takalmi da rabin haƙuri. Lokacin da na yi wayo gwiwoyinta sun gaji, tafiyarta mafi nisa daga ɗaki zuwa rumfa ce. Duk da haka, in akuya ta yi atishawa a ƙarshen unguwa, Iya ta san mai ita.

Bayan magariba takan hura gawayi a kurfoti. Ba don sanyi ba, a Duwala ko kifi gumi yake yi. Wutar ta gashin masara ce da agada, sai ɓawon lemo da take jefawa don hayaƙinsa ya kori sauro. Sauron New Bell kuwa ba ya gudun hayaƙi, matsowa yake yi ya ji tatsuniya. Mu yaran gida da na maƙwabta mukan zagaye ta, ruwa na dukan kwano a samanmu, hasken garwashi na lasar fuskarta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a wasu wurare. Takan ce, "Ga ta nan a ƙofa, ruwa ya ba ta kashi." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Sabi'u shi ke bi na. Yaro ne mai kai, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Idonsa ne ba ya kai nisa. In ka tsaya a ƙofar gida yana rumfa, sai ka yi magana zai san kai ne. Babu wanda ya kawo zancen tabarau a lokacin, don a ganinmu tabarau na alhazai ne da ma'aikatan banki. A lekol, wato makarantar boko, yakan zauna gaba har hancinsa ya kusa goge allo, kuma haka nan yake kada masu ido biyu lafiyayyu. Yana son lekol kamar me. Ni ana kora ni, shi ana riƙe shi ya gama karin kumallo.

Hanya ce matsalar. Tsakanin gidanmu da lekol lunguna ne, bangon katako hagu da dama, kowane lungu da kwatarsa a gindin bango ɗaya, wata ta wannan hannu, wata ta wancan. Wasu zurfinsu ya kai ƙirjin yaro. Da rani kana ganinsu, hancinka ma ya riga idonka. In ruwa ya sauka kuwa, kwata da hanya sukan zama abu ɗaya, jan ruwa shimfiɗe daga bango zuwa bango. Daminar da ta gabata ruwa ya tafi da wani yaro a bayan layinmu, sai washegari aka same shi. Don haka da Sabi'u ya zurma kwata a ɗan ruwan farkon damina, ya dawo da rabin haƙori, Baba ya yanke magana.

Baba yadi yake sayarwa a kasuwar Nkololoun, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya zo rumfa ya durƙusa ya gai da Iya.

"Iya, in hutu ya ƙare Sabi'u ba zai koma lekol ba. Zai riƙa bi na shago, inda idona ke kansa."

"Shagon a sama yake? Ba a taka ƙasa a je?"

"Ina riƙe da hannunsa."

"Har yaushe?"



"Ka ba ni shi hutun nan," in ji Iya. "In aka koma ya sake faɗawa, ko da ƙafa ɗaya ce, ya bi ka shago, ba za ka ƙara jin bakina ba."

"Me za ki yi masa a hutu, Iya? Ido za ki sa masa?"

"Wasa za mu yi."

Da wani ne ya faɗi haka, da ya ji amsa. Baba ya dubi ƙasa ya ce, "To, Iya," irin to ɗin nan mai nufin na ji amma ban yarda ba. Sabi'u yana bayan ƙofa yana saurare. Ranar ko masara bai karɓa ba.

Washegari Iya ta naɗa ni ɗan rahoto. Sunana Garba, amma Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, tashi ka bi hanyar lekol, ka dawo ka gaya mini kowane lungu, kwatarsa ta wane hannu take."

Na je na dawo na ce mata kwatar lungun tela ta isa ta haɗiye motar kaya da direbanta da yaran mota.

"Na ji," in ji ta. "Kai maganarka sai an raba ta uku an zubar da biyu. Hagu ko dama?"

Ba ta tsaya a kaina ba. Ta aiki Ladi, 'yar baffanmu da ke zaune a gidanmu, ita ma ta je ta gano, sannan ta gwama nawa da nata. Duk rahoton da muka kai mata, daga ƙofar gida muke farawa mu ƙare a ƙofar lekol, don haka ta tambaya.

Da aka yi magariba ta hura wuta, ta jera masara, ta buɗe tatsuniya.

A wani gari da samansa ke yoyo, in ji ta, wata kaza ta yi zama cikin agwagi, tana da ɗan tsako guda. Kullum 'ya'yan agwagi sukan tafi karatu wurin Malam Zalɓe a hayin ruwa, suna iyo suna yanga. Ɗan tsako ya ce shi ma zai je. Uwarsa ta ce, "Ruwa ba gidanmu ba ne, zauna ka yi tono." Ya yi ta kuka har wata tsohuwar kaguwa da ke rami a gindin gidan ta fito ta ce ya hana ta barci. Da ta ji abin da ke damunsa, ta ce, "Agwagwa saman ruwa ta sani, ni ƙarƙashinsa na sani. Akwai tudu a ƙasa, siriri kamar zare, daga ƙofarku har makarantar. Amma ni ba na koyarwa da baki, bakina ƙarami ne. Zo mu yi wasa." Ta zana masa hanyar a laka, ta rufe masa ido da ganye, tana waƙa yana takawa. In ya kauce ta mintsine shi. Suna yi suna dariya, har ƙafarsa ta haddace abin da idonsa bai taɓa gani ba. Ran nan da safe agwagi suka ga ɗan kaza yana tafiya a tsakiyar ruwa kamar mai sarautar wurin, ya isa gaban Malam Zalɓe gashin bayansa a bushe.

"Ƙurunƙus kan kaguwa," in ji Iya. "Wanda bai gane ba ya tambayi sauro, tun ɗazu yake nan."

Maimakon ta sallame mu, sai ta ce mu tashi tsaye. Ta sa aka kwashi toka mai sanyi aka zuba ta layi-layi a ƙasan rumfa, ta ce kwata ke nan. Tabarmi da aka naɗe suka zama bangaye. Turmi ya zama falwaya, turken lantarkin da ke kan kwana. Taɓarya a kwance ta zama katakon da ake tsallake babban lambatu a kansa, kusa da lekol. Ta kwance ɗankwalinta ta ce da shi za a rufe ido. Sannan ta rera waƙar kaguwa:

Ƙofar Iya, ɗan tsako fito,
hagu da bango, kwata na dama.
Bangon tela, shafa ka wuce,
falwaya tsaye, rungume ka juya.
Lungun Mami mai ƙamshin mai,
dama da bango, kwata na hagu.
Ga mangwaro, ga katako,
taka a hankali, Malam na jira.

Dokar wasan mai sauƙi ce. Wanda ya taka toka, ruwa ya ci shi, sai ya sha mintsinin kaguwa, ya koma gefe ya tsuguna ya zama kwaɗo, yana kuka har a gama zagaye. Wanda ya isa wurin Malam Zalɓe ƙafarsa babu toka, shi ke zaɓar masarar da ta fi ƙiba. Ba a gardama, don tafin ƙafa ne shaida. Ni dai nakan gwada. Nakan ce iska ce ta kwaso tokar ta shafa mini.

"Iskar nan ta san ka da yawa, Maigida," in ji Iya. "Kullum kai take bi. Tsuguna."

Haka muka cinye hutun. Iya ba ta barin wasan ya tsufa. Yau ta rera waƙar da sauri, gobe ta yi shiru a tsakiya ta bar ka da kanka. Wata rana ta sa kwaɗi su riƙa dukan faranti don kada ka ji komai, kamar yadda ruwa ke yi a kan kwano. Wata rana ta rataya maka jaka cike da duwatsu. Yaran maƙwabta suka cika gidan, har da waɗanda Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Suka haddace waƙar kafin su san ma'anarta. Sabi'u ya fi kowa, don rufe ido bai rage masa abu mai yawa ba. Ni ma daga baya na gwanance, na ci masarar da har yau tumbina ke ba da shaida. Amma duk yadda ta sauya wasan, abu ɗaya bai sauya ba. In ka isa wurin Malam, sai ka kwance ɗankwali, ka tsallake toka ido buɗe ka koma wurin zamanka.

Baba kan wuce mu in ya dawo daga masallaci, ya ga yara tsugune suna kukan kwaɗi, uwarsa na tafi. Ba ya cewa komai a gabanta. Na dai taɓa jin ya ce wa mahaifiyarmu, "An mayar mini da gida tafki."

Watan tara aka koma lekol, ruwa bai ko fara tunanin tafiya ba. Kwanakin farko lafiya lau. Ko da safe aka tashi da ruwa, mukan jeru muna waƙa, mu isa babu wanda ya kauce. Da rana kuwa sai mu tarar ya janye, kwata a fili, mu dawo muna guje-guje.

Ranar da abin ya faru, an tashe mu sama tana baƙi. Mu wajen bakwai ne 'yan layinmu. Muna tsallake katakon babban lambatu, ruwa na lasar cikinsa, sai sama ta ɓalle. Ba zan ce kamar da bakin ƙwarya ba, don ƙwarya tana ƙarewa. Muka fake a gindin mangwaro, muka ga fakewa ba ta da amfani, lambatun bayanmu yana cika yana hawowa. Kafin mu yanke shawara, lungun Mami da ke gabanmu ya zama kogi, ruwa har gwiwa, ja wur, babu alamar inda kwata take.

Ni ne babba, ni ne kuma zakaran cin masara. Na ce kowa ya biyo ni. Na ɗaga murya, dama da bango, kwata na hagu, na ɗora hannun dama a bango na taka da ƙarfin zuciya.

Na sha bin lungun nan da rani, na ga kwatar da idona sau ba adadi. Amma a wannan lokacin waƙar ta riga hankalina isa ƙafa. Mai dawowa, bangon damansa shi ne na hagun mai zuwa. Ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina. In na ce na ga kifi yana karanta littafina za ku ce na fara, don haka zan tsaya a kan abin da shaidu suka yarda da shi: ruwa ya kai mini wuya, na kurɓi abin da ba a faɗa a gaban abinci, kuma takalmina ɗaya ya tafi teku bai yi sallama ba. Da igiyar jakata suka jawo ni, Ladi da wasu yara biyu.

Muka tsaya cirko-cirko a tsakiyar lungu, babu mai son ɗaga ƙafa. Nan dariya ta ƙare mini. Na tuna yaron bayan layinmu. Na dubi Sabi'u, ruwa na zuba a fuskarsa, ido a ƙanƙance, na san in ƙafarsa ɗaya ta zurma, ko ya fita lafiya lekol ta ƙare masa.

"Waƙar Iya ƙarya ce," in ji wani yaro, yana shirin kuka.

"Ba ƙarya ba ce," in ji Sabi'u. "Yaya, mu ne muka juya mata baya. Ita lekol take kallo."

"To sai mu koma lekol mu kwana?"

"A'a. Mu kalli lekol, mu tafi gida."

Ya juya ya fuskanci mangwaro kamar mai zuwa makaranta, ya lalubi bango da hannun dama, ya ja ƙafa baya yana gwada ƙasa da diddige. Ƙasa tana nan. Ya sake ja. Tana nan. Bayan wankan da suka ga na yi, babu wanda ya ƙara amincewa da tafiyar gaba. Kowa ya juya, wannan ya riƙe jakar wancan. Saura matsala guda: Sabi'u ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa, amma ba ya hango abin da ke samansa. Sai aka ba ni aikin ido. Ina waiwaye ina faɗa masa abin da ke tafe, shi kuma yana ciro baitin wurin daga waƙar, daga ƙarshe zuwa farko. Har yau in hadari ya haɗu wuyana yakan tuna.

Mami Rozalin mai suyar benye, wato fanke, wadda lungun ya ci sunanta, ta leƙo ta taga ta ga jerin yara suna wucewa da baya suna waƙa. Ta ce, "Vous êtes même normaux?" Wato ko lafiyarmu ƙalau. Muka ci gaba da waƙarmu.

Muka rungumi falwaya ɗaya bayan ɗaya muka juya, muka sauya hannu, hagu da bango. Muna cikin lungun tela, ruwa ya shige mini ido na daina waiwaye na ɗan lokaci, sai na ji jerin ya tsaya. Bayan Sabi'u ya daki wani abu.

"Yaya, akwai falwaya a nan? Babu ita a waƙa."

Na waiwaya. Baba ne, wando a naɗe har cinya, babu hula, babu lema. Daga kasuwa ya rufe shago ya taho neman mu. Ya tsaya yana kallon ƙeyoyinmu. Ya sa hannu ya shafa Sabi'u daga kai har ƙafa kamar mai duba yadi, sannan ya dube ni, da laka har cikin kunne da takalmi ɗaya. Can ya ce, "Ku ci gaba yadda kuke yi," ya koma gefe ya bi mu a hankali har ƙofar gida.

Da magariba aka hura wuta kamar kullum, amma Iya ba ta buɗe tatsuniya ba. Ta sa muka ba ta labari, ta hana ni magana sai da Ladi da Sabi'u suka gama. Ta daɗe tana juya masara ɗaya da ta riga ta gasu. Baba yana tsaye a bakin rumfa.

"Laifina ne," in ji ta. "Na kai ɗan tsako makaranta na ce ƙurunƙus, na bar shi can. Ban taɓa kawo wa raina zai dawo ba." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Ni da aka kawo ni garin nan ban taɓa komawa ba, ina zan san waƙar komawa?"

Ba mu taɓa jin ta yi zancen gida da wannan murya ba. Kullum Katsina a bakinta wurin tatsuniya ne, inda kuraye ke magana. Ranar na fara gane cewa gari ne na gaske, mai ƙofar da wata yarinya ta fita ba ta sake shiga ba.

Ta ɗago ta dubi Baba. "Ga shi nan. Alkawari na yi maka. In ka ga wasan nan ya kusa kashe maka ɗa, faɗi."

Baba ya shigo rumfar, abin da ba ya yi in muna zaune, ya ja kujera 'yar tsugune.

"Alkawarin a kan wanda ya faɗa kwata ne," in ji shi. "Wanda na ji wa tsoro ya dawo da ƙafarsa. Garba, gobe sai shago."

Na waiwaya wurin Iya ina neman ceto.

"Rufa wa kanka asiri," in ji Iya. "Wannan in ka sa shi a shago, yadi ɗaya zai ce wa mutane goma ne, a zo a kama ka."

Baba ya yi dariya har haƙoransa suka fito, abin da a gidanmu ake ba da labarinsa kamar kusufin wata. Ya miƙa hannu ya ɗauki masarar da ta fi ƙiba, ya miƙa wa Sabi'u. Sannan ya ce, "Iya, a ƙarasa musu tatsuniyar."

Ta gyara zama. Ta ce ga ta nan a ƙofa, ta dawo, ta manta takalminta ɗaya. Muka ce ta shigo ta sha ɗumi. Ta ce da aka tashi daga karatu, ɗan tsako ya tsaya a bakin ruwa, waƙa ta ƙi yi masa aiki. Kaguwa ta hango shi daga raminta ta ji kunya, ta je ta taho da shi, ta rantse ba za ta ƙara koya wa kowa zuwa ba tare da dawowa ba. Shi ya sa har yau kaguwa a karkace take tafiya, ido ɗaya a kan inda za ta, ɗaya a kan inda ta fito. Daga ranar, a wasanmu ba a kwance ɗankwali a wurin Malam. Sai ka juyo, ka dawo ƙofar Iya, kafin ka ga masara.

Sabi'u ya gama lekol, ya wuce gaba. Daga baya wani malaminsu ya sa aka auna idonsa aka yi masa tabarau; ranar da ya fara sawa ya dube ni ya ce ashe haka nake, da ya sani da bai matsa ba. Yanzu injiniyan lantarki ne a wata masana'anta a Bassa, yana da furfura da jikoki. Iya ta rasu ina saurayi, a ɗakin nan na kusa da rumfa, aka binne ta a Duwala.

Da na kai nan, Nafisa ta ajiye biron da take wasa da shi. Ta ce abin yana da suna a littattafansu, ta faɗe shi da Faransanci, dogon suna mai wuyar hawa. Ma'anarsa dai, ko abin da aka koya a wuri ɗaya zai bi mutum zuwa wani wuri. Sannan ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba.

"Amma Abba, wasan ne ya jefa ka kwata. Da ba ka haddace waƙar ba, da ka tsaya ka yi tunani."

Na ce gaskiya ne. Wasan da ya jefa ni shi ne ya fito da mu, ba zan ɓoye ɗaya don in yabi ɗaya ba. Abin da wasa ya sa a jiki yana shiga da zurfi, ya fi abin da bulala ta sa, don yaro da kansa yake buɗe masa ƙofa. Shi ya sa in ka bar rabi, rabin ma da zurfi zai shiga. Iya ba ta san sunan abin ba, amma da ta ga inda wasanta ya tsaya, ba ta jefar da shi ba, ba ta kuma kāre shi ba. Ƙarasa shi ta yi. Nafisa ta ce ita ma yaranta kullum daga tambaya suke tafiya zuwa amsa, ba ta taɓa ba su amsa ta ce su nemo hanyar gida ba. Ta kwashe katunanta ta shige ɗaki, ko abinci sai da aka kira ta.

Shekarun baya nakan yi tunanin darasin tatsuniyar shi ne mai rauni ma yana da hanyarsa. Wannan yana ciki. Amma da girma ya zo, na ga ba Sabi'u kaɗai Iya ta yi wa waƙar ba. Mace ce da aka koya wa tafiya ɗaya, ta yi ta da kyau, ta zauna inda aka kai ta har ƙarshen ranta, sannan a tsufanta jikokinta suka dawo mata da baya suka nuna mata rabin da ba a koya mata ba. Ba ta yi fushi ba. Ta karɓa ta sa a tatsuniya.

Unguwar ta sauya. Telan ya rasu, an rushe bangonsa an yi bene. An sare mangwaron. Kwatar lungun Mami an rufe ta da siminti, 'yan bensikin, wato 'yan acaba, suna wucewa a kanta da babura ba su san akwai abin da ya taɓa haɗiye mutum mai daraja a wurin ba. Kwanan baya muka bi ta nan ni da Sabi'u, za mu gaisuwar rasuwa, aka fara yayyafi. Muna tafe muna hira, sai na lura mutane suna kallonmu. Na duba. Dattawa biyu da manyan riguna, ɗaya da tumbi ɗaya da tabarau, kowanne ya ɗaga hannun hagu yana shafa iska, a daidai inda bangon tela yake a da.

Na ce, "Sabi'u, sauke hannunka, ana kallonmu."

Ya ce, "Kai ka fara saukewa, Yaya. Ni tun da Iya ta yi waƙar nan ban ƙara faɗawa ba."